Ranar Da Na Kai Surukata Biki Da Baya

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai surukata gidan biki da baya ba. Bayan da kuka sani nake nufi: but ɗin mota a gaba, hancinta na kallon inda muka fito. Har yau in na ga direba ya ɗora hannu a kan kujera ya waiga zai yi ribas, sai in ji gumi ya tsattsafo mini a ƙeya.

Bari in fara da Kabiru, don duk abin da ya same ni shi ne sila (shi bai ma san ya yi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai). Kabiru mijin ƙanwar matata ne. Ni na auri 'yar fari, shi ya auri auta, kuma wanda ya san gidajenmu na Haɗeja ya san wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. 'Yar fari ko sunanta uwa ba ta kamawa, balle ta saki jiki da mijinta. Tun da na auri Hadiza, tsakanina da mahaifiyarta Hajiya sai gaisuwa daga bakin ƙofa, ina tsugune kaina a ƙasa, ita tana amsawa daga bayan labule. In tana da magana da ni sai ta ce da wanda ke kusa, "A ce wa Malam kaza," alhali ga ni nan ina ji da kunnena. Shi kuwa Kabiru sai ya kutsa har tsakar gida, ya miƙe ƙafa a tabarma, ya jawo kwanon dambu, su yi ta hirar farashin shinkafa suna dariya. Shinkafa yake nomawa a fadama, yana da injin casa, duk kaka sai buhuna sun sauka a ƙofar Hajiya. Ni malamin makaranta ne. Abin da nake saukewa a ƙofarta bai wuce lemo da sabulu a leda ba.

Amma ina da abu guda da Kabiru ba shi da shi, wato motata. Tsohuwa ce tukuf, ta girmi aurena nesa ba kusa ba, fentinta ya koɗe har ba a iya rantsuwa kan kalarta ta asali. Sai dai otomatik ce, mai canza giya da kanta. Ta Kabiru a-kori-kura ce, doguwa, sai an yi dabara kafin a hau, kuma duk canjin giya sai ta fizgi mutum. Hajiya na fama da ciwon baya da gwiwa. Sau ɗaya ta shiga ta ce ta tuba. Tawa kuwa, Hadiza ta kawo mini labarin cewa Hajiya ta ce, "Motar Malam kamar kwale-kwale a ruwa kwance." Ranar har ƙarin tuwo na yi. Daga nan asibiti ni ne, gaisuwar rasuwa ni ne, suna da biki ni ne. Na murɗe madubin ciki ya kalli rufi don kada idona ya haɗu da nata ko da kuskure, na bar shi a haka shekara da shekaru. Ba ma magana a hanya, amma ni na san duk dangi na gani cewa a motar babban suruki Hajiya ke sauka.

To, ƙarshen wata damina kogi ya yi ambaliya, ruwa ya haye hanyoyin fadama. Kabiru ya gayyace mu, mu da iyalanmu, mu je mu ga yadda shinkafarsa ta yi kyau (ko wa ya tambaye shi, oho). Muka isa wani wuri da ruwa ya shafe hanya, sai ya tsaya ya leƙo ta taga, a gaban matata da tasa, ya ce, "Yaya, bar taka a nan ku hau tawa. Ruwan ya kai gwiwa."

Da a keɓe ya faɗa mini da na ji. Amma a gaban Hadiza? Na ce, "Wuce kawai, tana iyawa." Na taka totur na afka. Ruwa ya zo har bakin ƙofa yana dukan ƙasan motar, Hadiza na salati, ni ina murmushin dole. Muka fita lafiya. Na fito na jingina da bonet ina kallon shinkafar Kabiru kamar ni na shuka ta.

Bayan 'yan kwanaki motar ta fara sabon hali. Da safe in na sa ta a D sai ta yi shiru kamar mai shawara da zuciyarta, can sai ta yi "dim!" ta zabura. A kan titi, in za ta hau giya ta gaba, injin ya yi ta ƙugi gudu bai ƙaru ba, sannan ta shiga da duka kamar an mangare ta. In ta yi zafi abin ya ƙaru. Hankalina ya tashi, don laushin tafiyar nan shi ne duk jarina a wajen Hajiya.

Na shiga bincike da kaina, a ɓoye, don ban so maganar ta fita. Na kalli bidiyo a waya har idona ya yi ja. Aka ce a fara da duba man giya. Na zaro sandar awon da sassafe, injin a kashe, na ga man ya ma wuce alama. Na ce alhamdulillahi, mai har ya yi yawa. (Ashe injin na aiki ake dubawa, bayan ya ɗumama, a wuri mai daidai. Ashe kuma rarar da nake murna da ita ruwan kogin Haɗeja ne.) Aka ce lafiyayyen man giya ja ne garau. Nawa ya fito kamar shayin da aka zabga wa madara. Na dube shi da kyau, na yanke wa kaina hukuncin cewa wataƙila sabon samfuri ne. Na cire kan batir na mayar, wai don motar ta manta laifinta. Na canza fulogi, waɗanda ba su san hawa ba su san sauka ba. Na ɗaure kebul ɗin sandar giya. Har wata 'yar kwalba na saya wajen wani mai kayan mota, ya ce in na zuba, giyar za ta koma budurwa. Na zuba. Ta ci gaba da dukanta.

Wata ranar Juma'a na je gaida Hajiya, zan tashi motar ta yi "dim" ɗin nan a daidai lokacin da Kabiru ke fitowa daga cikin gidan yana sakace. Ya matso ya dafa ƙofa.

"Yaya, tun ranar da ka shiga ruwan nan ka duba man giya?"

Na ce, "Na duba."

"Wace kala ya yi? Ka san akwai ɗan hancin da giya ke shaƙar iska da shi a sama. In ruwa ya rufe shi tana da zafi, zuƙa take yi. In man ya koma kamar madara kada ka ƙara tuƙa ta. A juye shi, a canza filta, a zuba sabo, a sake juyewa. In ka bari, fayafayan cikin za su saki, sai an sauke giyar gaba ɗaya."

Kamar yana tsaye a bayana ranar da na zaro sandar. Amma bakina ya ce, "Ja ne garau. Sanyin safiya ne kawai ke damunta." Ƙarfe huɗu na yamma fa.

Na san gaskiya ya faɗa. Da mai faci ne ya faɗa mini, ko wani baƙo a tasha, wallahi daga nan gareji zan wuce. Amma daga bakin Kabiru? Mutumin da ke da shinkafa, da injin casa, da hira a tsakar gida, yanzu kuma har ya fi ni sanin cikin motata? Na ce a raina sai dai ta mutu.

A satin nan kuma Hadiza ta dawo daga gidansu da labari. Kabiru ya sayi sabuwar mota. Ƙarama, mai ƙasa-ƙasa, otomatik, ga na'urar sanyi. "Wai saboda Hajiya," in ji Hadiza, tana ninke kaya ko a jikinta, "ko da taka za ta samu matsala wata rana." Na ajiye cokali. Ban taɓa jin kishi irin na ranar ba.

Sai ga bikin jikar yayan Hajiya, a wani ƙauye gaba da Kafin Hausa ta wajen Miga. Hadiza da ƙanwarta suka riga mu tafiya don aikin abinci, Kabiru ya kai su, ya ce zai dawo ya ɗauki Hajiya ranar biki. Na ce ba sai ya wahala ba. Lissafina a fili yake: in na kai motar gareji, ranar biki tana can a buɗe, Hajiya ta shiga sanyin motar Kabiru sau ɗaya, shi ke nan an gama da ni. Don haka maimakon gyara sai na wanke ta tas, na goge tayoyi, na fesa turare a kujeru.

Fasinjojina biyu ne, Hajiya da aminiyarta Iya Gana, wata tsohuwa da iyayenta suka zo daga wajen tafkin Chadi, gwanar haɗa humra da turaren wuta, bakinta kuma ba birki. Kayan ƙamshin amarya na hannunsu, ana jiransu kafin a shirya ta. Na tsara dabarata: in tashi a hankali, in ta kama giya in riƙe totur a wuri ɗaya, kada in ƙara kada in rage.

Muna fita gari ta yi dukan farko. Iya Gana ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Malam, akuya ka taka?"

Na ce, "Rami ne, Iya." Titin kuwa sumul yake. Hajiya kuwa, ƙarar carbinta na ji ta ƙaru.

Muka wuce Kafin Hausa rana ta take. Wani ƙauri ya fara tasowa daga ƙasan motar, irin na tukunyar da aka manta a wuta, yana kokawa da humrar Iya Gana. Idona na kan allurar injin, tana hawa tana sauka, ina lallashinta a zuci. Ban ankara ba sai na ji Iya Gana ta ce, "Malam, ka wuce kwanar fa. Ko wani bikin za ka kai mu?"

Na taka birki na tsaya. Na ce bari in ɗan yi gaba in juyo. Na taka totur, injin ya yi kururuwa, motar ko motsi. Na sauko da sandar zuwa 2, shiru. Na kai ta L, shiru. Na kashe na kunna. Na fita na buɗe bonet na tsaya ina kallon injin, hannu a ƙugu, don dai a ga ina wani abu. Na dawo na sa R don in gwada, sai kawai ta ja baya, lafiya lau, da laushin nan nata na da.

Sai na ji muryar Hajiya a hankali. "Gana, a ce wa Malam ya kira Kabiru."

Wayata na aljihun gaba, sabis cike. A zuci na hango Kabiru yana isowa cikin sabuwar mota, yana buɗe wa Hajiya ƙofa a bakin titi, ni ina tsaye da tsumma. Na ce, "Iya, babu sabis a nan. Amma ƙauyen ba nisa, ga rufin kwanonsa can. In sha Allahu yanzu za mu isa."

"Ta yaya?" in ji Iya Gana.

Na sa R.

Hanyar shiga ƙauyen tudun ƙasa ce da aka ɗaga a tsakiyar fadama, faɗin mota ɗaya, dama ruwan shinkafa, hagu ruwan shinkafa. Madubin gefe ɗaya mai keke-napep ya tafi da shi tun bara. Na kai hannu zan sauko da na ciki, wanda ya yi shekaru yana kallon rufi, ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, sai ga shi a hannuna ɗungurungum. Na ajiye shi a kujerar gefe. Abu ɗaya ya rage, wanda kowane direba ke yi. Na ɗora hannun dama a bayan kujera, na juya gaba ɗaya.

Sai ga ni ido cikin ido da Hajiya.

Jama'a, tun da na auri 'yarta ban taɓa ganin fuskar matar nan gaba ɗaya ba. Na san ƙafafunta, na san gefen mayafinta, na san muryarta. Ranar na ga komai, a tazarar da ba ta wuce kamu biyu ba. (Ashe idon da Hadiza ke yi mini in na dawo gida a makare, a nan ta gado shi.) Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska ta karkata hagu. Hanya ta lanƙwasa hagu, dole na bi ta da ido. Ta karkata dama, hanya ta koma dama. Duk inda baiwar Allah ta gudu, sai ga fuskata tana gumi. Na so in rufe ido, amma in na rufe muna cikin shinkafar mutane.

Iya Gana ta juya ta durƙusa a kujera tana leƙen gilashin baya, ta zama kwandasta. "Dama! Ba damarka ba, damar motar! Wayyo, za ka jiƙa mini humra! Hajiya, sunkuya mana, yaron nan ba kallonki yake ba, hanya yake nema!"

Muna tsakiyar fadamar wayata ta ɗauki ƙara a aljihu, da ƙarfinta. Ban iya sakin sitiyari ba, ban iya sakin kujera ba. Ta yi ta yi ta katse, ta sake. Iya Gana ta dube ni, ta dubi aljihun, ta ce, "Ikon Allah. Ashe sabis ɗin ma ya biyo mu da baya." Daga ƙarƙashin mayafin Hajiya na ji wani ɗan sauti. Har yau ban sani ba ko tari ne ko dariya.

Haka muka shiga ƙauyen. Maza na zaune a tabarmi ƙarƙashin bishiyoyi a ƙofar gidan, an gama ɗaurin aure ana jiran abinci. Mata sun cika zaure. Hira ta tsaya cak. Kowa ya miƙa wuya yana kallon mota na tahowa da ƙeya, a hankali, tana hayaƙi, direba ya rungumi kujera. Wani ya raɗa wa maroƙin bikin cewa ai babban surukin Hajiya ne. Maroƙi kuwa ba ya rasa abin faɗa. Ya ɗaga murya:

"Jama'a ku ga tarbiyya! Ku ga kunya irin ta mutanen da! Malam babban suruki, wanda don girmama surukai ko motarsa ba ta yarda ta fuskanci ƙofar gidansu! Samarin zamani ku zo ku koya!"

Wasu dattawa har suka fara gyaɗa kai. Na ji wani sanyi a raina, na ce Allah Ya rufa asiri, ashe da mutuncina zan fita. Har na fara gyara hula.

Sai Iya Gana ta sauke gilashi ta leƙo. "Wace kunya? Tun daga bakin titi yake ƙare wa Hajiya kallo, ko ƙiftawa ba ya yi! Motar ce ta ƙi gaba!"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani tsoho har da faɗuwa gefe a tabarma. Mata suka ɗauka daga zaure zuwa cikin gida, ina jin labarin na tafiya ɗaki-ɗaki. Na hango Hadiza a bakin zaure da ludayi a hannu, ta dube ni da idon nan da na gama gani a fadama, ta juya ta koma.

Kabiru ne ya ratso taron. Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya buɗe wa Hajiya ƙofa, ya karɓi kayan turaren, ya raka su har zaure. Ya dawo ya zaro sandar awon man, ya duba, ya shinshina, ya mayar. Ya ce, "Sannu, Yaya. Na yi ta kira ban samu ba." Ya samo babbar motar da ta kawo kujeru aka ɗora tawa a kai. Da yamma a sabuwar motarsa na dawo Haɗeja, ina gaba, Hajiya da Iya Gana na baya. (Zan faɗi gaskiya ko da tana da ɗaci: motar akwai daɗi. Hajiya har barci ta yi.)

A gareji da aka kwance tiren ƙasan giyar, abin da ya zubo ya fi kama da kunun da ya kwana, ga baƙin gari-gari a ciki. Fayafayan giyar gaba sun cinye, na ribas daban suke, shi ya sa ta yi ta baya ba gardama. Bakanike ya ce da an kawo ta tun farko, juye mai da canza filta sun isa. Na ce masa na sani, an faɗa mini. Ya ce wa? Na ce wani mutum.

Ta daɗe a garejin kafin ta fito. Da ta fito kuwa ta koma kwale-kwalenta, ko kofin shayi ka ɗora ba zai zube ba. Na sa aka manna madubin, na aiki Hadiza ta shaida wa Hajiya cewa mota ta warke, duk inda za ta ina nan. Hadiza ta dawo tana danne dariya. Wai Hajiya ta gode, ta sa albarka, kuma ba ta riƙe ni da komai ba. Sai dai ba za ta iya sake zama a bayana ba. Ido ya riga ya ga ido, in ta tuna kunya take ji.

Yanzu Kabiru ke kai ta ko'ina. Hanyar asibiti ta gaban makarantarmu ta bi, kuma bai taɓa wucewa bai yi mini hon ya ɗaga hannu ba. Ina ɗaga masa nawa. Abin da nake faɗa a zuci, wannan tsakanina da Ubangijina ne.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka shiga ruwa da otomatik, duba man giya injin na aiki, in ka ga shayi da madara ka ajiye makulli. Sannan in gaskiya ta fito daga bakin wanda kake kishi, karɓe ta ka je ka yi aiki da ita a ɓoye, ba dole sai ka gode masa ba. Da na yi haka, galan ɗin mai kawai zan yi asara. Sai ga shi ni da kaina na ɗauki surukata, na kai wa Kabiru har ƙofa, kuma da baya.